Rediyo a Cikin Kwano

Malam Zygmunt mutumin Poland ne, amma shekara talatin ya yi yana gyaran rediyo a wani ɗan shago a Edmonton, wata unguwa a London. A 1975 Hansai, matar wani likita Bakatsine, ta kai masa nata. Watanta huɗu a London ba ta ji Hausa a bakin kowa ba sai mijinta, ga rediyon ya ƙi kamo Kaduna.

Yana kwance sukurori yana ba ta labari. Ya ce a ƙauyensu rediyo ɗaya ne tak, na malamin makaranta, irin mai abin saƙalawa a kunne. Sai a sa abin a cikin kwano don muryar ta ƙaru, gari guda ya sunkuya a kai kamar masu cin tuwo.

"A kwanon nan, Madam, na fara sanin ashe muna da ƙasa," in ji shi. Da yaƙi ya zo tashar ƙasarsu ta yi shiru, shi kuma bai sake ganin gida ba.

Ya ja doguwar waya, sai ga Kaduna can ƙasa-ƙasa, kamar daga rijiya. Hansai ta ce, "Baba, ba na ji sosai."

Tsohon ya ɗauko kwanon miyarsa, ya goge da hannun riga, ya jona abin kunne ya ajiye a ciki. Suka sunkuya tare, ana ta karanto gaishe-gaishen masu saurare. Ko kalma ɗaya ba ya ganewa, amma da Hansai ta ɗago kai, ya riga ta hawaye.