Ina Kabarin Kakanka?

Ranar wata Litinin, a daminar da na gama firamare, Baffana, wato mahaifina, ya goya ni a kekensa tun daga ƙauyenmu Inkil har cikin gari, ina sanye da rigar sallah, taɓo yana fallatsar mini ƙafa. Na ci jarrabawar shiga makarantar kwana. Abu ɗaya ya rage, takardar shaidar ɗan asalin jiha, kuma ran Juma'a za a rufe karɓa. Ban damu ba ko kaɗan. A Inkil aka binne cibiyata, a nan na yi kiwon maruƙanmu, na yi langa a dandali, na kai taki gonar gero a ka. Ga shi malaminmu na aji shida ya sa mun haddace wani sashe na kundin tsarin mulki kamar karatun allo, wanda ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda asalinsa. Yakan ɗaga littafin ya ce, "Wannan shi ne gatan mara gata."

A ofishin ƙaramar hukuma muka tarar da wani akawu yana ɓarar gyaɗa. Ya dubi wasiƙar mai unguwa da muka kawo, ya ƙare wa Baffa kallo, sai ya tambaye ni inda kabarin kakana yake. Baffa ya amsa a hankali cewa mahaifinsa makiyayi ne, a hanyar kiwo ya rasu, a daji aka rufe shi, ba mai iya nuna wurin. Mutumin ya turo mana wasiƙarmu da bayan hannu. Ni kuwa da rawar kaina na miƙe na zuba masa haddata tsaf. Ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi, ya nuna mini ƙasa: ga kundin can an tokare gurguwar ƙafar teburinsa da shi. "Alƙalai su karanta nasu a kotu," in ji shi. "A nan, yadda na fahimce shi haka yake."

Baffa, dattijo da furfurarsa, ya tsuguna yana roƙon sa'an ƙanensa. Wallahi har yau in na tuna raina tafasa yake. Juma'a ta zo ta wuce, gurbina ya tafi, na ƙare a kan keken ɗinki a kasuwar Wunti.

Bara na kai ɗana neman takardar nan. An sa kwamfuta, an sake teburi, tambayar dai tana nan. Na ce kakansa yana maƙabartar Inkil, in suna so in raka su. Nan take aka buga hatimi. Sai da muka sa Baffa a cikin ƙasar nan kafin aka yarda tamu ce.