Hajo Mai Banda Ta Ƙara wa Maganar Likita Gishiri

Hajo ta tsufa tana bandar kifi a bakin kogin Haɗeja. Da tari ya ƙi sakinta, ta je asibiti, likita ya ce hayaƙi ya kumbura mata huhu, garkuwar jikinta na ta faɗa ba hutu, in abin ya daɗe yana iya zama ciwon daji.

"Ki rabu da hayaƙi, Inna."

Ta koma gida ta ce wa mijinta Shu'ibu, "Malam, likita ya hana ni banda da wanki, kai kuma ya hana ka sigari."

"A ina ya san ni?"

"A hoton ƙirjina ya gan ka."

Shu'ibu ya bar sigari, tarinta ya lafa. Wankin kam, har yau cewa yake ba zai karɓar mata ba sai ya tambayo likita.