Ranar da Sandar Tankari Ta Tsinke a Teku

Duk ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da ya taɓa sarin kaya a kasuwar Shahe ta Guangzhou ya san Tankari, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan mai furfura a gemu da ke ɗaurin dila a wani lungu bayan kasuwar. Ka kawo masa riguna dubu a warwatse, ya danne su da gwiwa, ya naɗe da buhu, ya zarga igiya, sai ka ga dila kamar an zana ta. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki a Guangzhou. Matarsa Raliya da 'ya'yansu huɗu suna Maraɗi, sau ɗaya yake leƙa su a shekara.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne inda yake zuwa ran Lahadi. Ni ma sai da na yi shekara biyar ina ba shi aiki kafin ya gaya mini.

Wata rana ya raka kaya tashar jiragen ruwa ta Nansha, inda kogi yake shiga teku. A can ya hango mutane tsaye a kan wani allo mai tsawon gado, kowa riƙe da wani yadi mai kama da fiffike da aka ɗaura wa doguwar sanda, iska na jan su a kan ruwa. Tankari bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbin garinsu ba, kuma ɗakinsa na bayan titin Huanshi ko taga babu. Ya tsaya yana kallo har direba ya gaji da yi masa hon. Wani tsohon Basine mai suna Liyang, mai kula da rumfar da ake ajiye allunan, shi ya koya masa iyo, sannan ya koya masa tsayuwa. Bayan shekara biyu ya sayi tsohon allo da fiffikensa a hannun tsohon.

Abokinsa Abdulgani, mai sayar da takalma, ya sha ce masa, "Malam Tankari, mutumin tudu da furfurarsa, me ya haɗa ka da ruwa?"

Sai ya yi dariya ya ce, "Can ne kawai babu mai kiran sunana."

Ran da abin ya faru, Lahadi ce a watan Nuwamba. Tsoho Liyang ya tafi asibiti duba 'yar'uwarsa, ya bar masa makulli. Iska tana kaɗawa daga tudu zuwa teku, irin wadda tsohon yake hana shi shiga. Tankari ya ce a ransa zagaye ɗaya zai yi. Ya yi sallar azahar, ya sa rigar ceto, ya bar wayarsa a rumfa.

Gudun ya yi masa daɗi, bai waiwaya ba sai da rumfar ta koma kamar ashana. Yana ƙoƙarin juyowa ya ji ƙas a ƙarƙashin ƙafarsa. Akwai wata gwiwa ta roba da ke haɗa gindin sanda da allo, ita ce ta tsinke. Fiffiken ya yi gaba da shi, ya faɗa ruwa da ka.

Da ya taso, allo yana gefe guda, fiffike yana gefe guda, iska na raba su. Ya bi allon da iyo, ya sha ruwan gishiri har sau uku kafin ya cafko shi, sannan ya jawo fiffiken da ƙafa. Ya zauna yana haki, ya duba robar. Ta rabu biyu, cikinta duk ya zagwanye.

A lokacin bai tsorata ba. Ya ce ai ɗauri sana'arsa ce. Ya kwance wata igiya daga jikin sandar, ya zarga ta a guntun ƙarfen da ya rage a allo, ya yi mata ƙullin da yake yi wa dila. Igiyar ruwa tana ɗaga shi tana saukewa, sau biyu ƙullin yana suɓuce masa. Da ya gama ya miƙe, ya ɗaga fiffiken, iska ta cika shi. Ya fara tafiya wajen tudu yana ta hamdala a fili.

Bai yi minti biyar ba gindin sandar ya zame daga ƙullin, ya caki ƙaurinsa, ya sake faɗawa. Da ya hau allon ya ga jini na bin ƙafarsa. Igiyar kuwa ta tafi.

Nan ne ya fara tsorata. Ya duba tudu, babu rumfa, sai dogayen ƙarafan tashar jirage can nesa cikin hazo. Ruwan kogin kansa yana janyewa zuwa teku, ga iska tana taya shi. Ya naɗe fiffiken a jikin sanda kamar yadda tsoho ya taɓa nuna masa, ya ɗora a allo, ya kwanta a kai rub da ciki, ya shiga tuƙi da hannu. Ya sa ido a kan wani dogon bene, ya yi ta ja har kafaɗunsa suka ɗauki wuta. Da ya ɗaga kai, benen ya ƙara ƙanƙancewa.

Ya ce mini a wannan lokacin ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ran da mahaifinsa ya rasu.

Can sai ga wani katafaren jirgin kwantena yana tahowa. Tankari ya durƙusa a kan allo yana ɗaga hannu. Ya buɗe baki zai yi ihu da Sinanci, sai ya tarar bai san kalmar neman ceto ba. Shekara goma sha ɗaya, abin da ya iya shi ne sannu, na gode, oga, babu. Ya yi ta kwarara "Lawban! Lawban!", wato oga, kamar mai kiran mai shago. Jirgin ya wuce, babu ko mutum ɗaya a bakinsa. Igiyar ruwan da ya bari ta kife allon, ta danna shi ƙasa, fiffiken ya warware ya rufe masa kai. Da ƙyar ya lalubo hanyar fita. Da ya sake hawa, ya ga nauyin sandar ne ke hana shi motsi, sai ya tura ta da ƙafa. Yana kallo ta nutse a hankali.

Rana ta karkata, sanyi ya shige shi, haƙoransa suna haɗuwa. Ya yi sallar la'asar a kwance, da ishara, bai ma san ina alƙibla take ba. Abin da ya fi ci masa rai ba mutuwar ba ce. Bai taɓa gaya wa Raliya yana shiga ruwa ba. Ya ga za a ce kawai ya ɓata a ƙasar Sin, babu gawa, babu wanka, babu likkafani, matar ta zauna ba ta san ranar da za ta fara takaba ba. Wasu ma su ce ya samu wata ya gudu.

Ya daina tuƙi, hannuwan sun ƙi. Yana kwance kuncinsa a kan allo ya ji wani abu ya gogi ƙafarsa. Igiya ce mai kauri, jere da robobi masu shawagi, irin wadda masu kiwon kawa, wata halittar teku mai ɓawo da ake ci, suke shimfiɗawa a ruwa. Ya kai hannu ya rasa, ta biyu ma ta wuce. Ta uku ya kama. Ɓawon kawa mai kaifi ya yanyanka masa tafin hannu, bai saki ba. Ya naɗe igiyar a damtsensa, ya maƙale allon da ƙafafu, ruwa na fizgar sa.

Bai san tsawon lokacin da ya yi a haka ba. Dab da faɗuwar rana ya ji ƙarar ƙaramin inji. Wata dattijuwa ce mai malafa da mijinta, sun zo duba igiyoyinsu. Matar ta fara zazzaga masa faɗa, ta ɗauka ɓarawon kawa ne, sai da ta matso ta ga jinin. Mijin ya kama shi ta rigar ceto, amma yatsunsa sun ƙage a kan igiyar. Ɗaya bayan ɗaya ta ɓamɓare su. Suka lulluɓe shi da buhu, ta ɗura masa ruwan zafi a baki. Ya yi ta maimaita "shiye-shiye", na gode, tana daka masa tsawa ya yi shiru.

An yi masa ɗinki bakwai a ƙauri. Abdulgani ne ya je ya ɗauko shi daga asibiti, kuma har suka iso gida yana riƙe masa da kafaɗa. Washegari, da hannuwa a naɗe, ya sa aka kira masa Raliya, ya gaya mata duka tun daga farko.

"Baban Fasuma," ta ce, "shekara nawa kana wannan abu?"

"Huɗu."

"Ni ina nan ina roƙon Allah ya tsare ka daga mota."

Ta kashe wayar. Sai bayan kwana uku ta sake ɗauka.

Wata guda ya yi bai taɓa igiya ba. Yatsu biyu na hannun damansa har yau ba sa lanƙwasawa sosai, don haka da hagu yake jan ƙulli. Allon yana gidan masu kawar, ya ce su riƙe. Ranar babbar sallar da ta biyo baya ya shiga mota da rabin rago a cikin kwali ya kai musu, dattijuwar ta karɓa tana mitar cewa ya yi yawa.