Ɗinyar Baba

Likita ya tambayi Baba launin bayan gidansa. Baba ya kalle ni, ya kalli silin.

Wata uku ke nan da aka sa masa ɗan ƙarfe a jijiyar zuciya, aka ɗora shi kan magungunan tsinka jini guda biyu. Ina da littafin da nake rubuta komai: awon jini, lokacin shan magani, har abin da ya ci. Duk da haka jiri ya kayar da shi a gonarsa ta Dudunni.

Da ƙyar Baba ya ce wa likita, "Baƙi ne kamar kwalta, kwana biyar ke nan. Ai ɗinya na sha."

Likita ya yi murmushi. "Baba, buhu nawa kuka sha? Wannan jini ne yake zuba a ciki."

Na ce, "Likita, jini ba ja ba ne?"

Ya ce idan daga tumbi ya fito, kafin ya sauko ya riga ya yi baƙi. Aka yi wa Baba ƙarin jini, aka haɗa masa da maganin kare tumbi, aka gargaɗe mu kada mu dakatar da na zuciyar da kanmu.

Na duba littafina shafi-shafi. Tambaya ɗaya ce babu, wadda kunya ta hana ni yi.

Yanzu kullum da safe daga Kankia nake kiransa: "Baba, ya ɗinya?" Sai ya ce, "Babu ita, ɗan nema."

Ku fa, ta yaya kuke yi wa iyayenku irin wannan tambayar?