Kum Ya Toshe Lambatu

A layinmu babu wanda bai taɓa shan faɗan Teta Draginja, wato Goggo Draginja, a kan lambatu ba. Ko limamin coci bai tsira ba, ranar da ya sa aka zube masa yashi a bakin lambatunsa. Ni gidana yana tsallaken titi, yana kallon nata, don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi, kuma har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

A gidan aka haife ta. Gidan ƙasa ne irin na kakanninmu a nan yankin Banat, bango mai kauri, duk shekara a shafe shi da farar ƙasa. A ƙarƙashinsa akwai podrum, ɗakin ajiyar da ake sauka da matakala, inda gangar kabeji da dankali da kwalaben tattasai suke jiran sanyi. Ƙasarmu a shimfiɗe take kamar faifai, ruwa kuma yana kusa, da ka haƙa kaɗan ka same shi. Shi ya sa kowane gida yake da lambatu a ƙofa, na wannan ya zuba a na wancan, har ya kai babbar magudana a bayan gari. Kowa da rabonsa na yashewa. Ubanta bai haifi namiji ba, sai ya miƙa mata shebur tun tana yarinya, ya ce mata gidan ƙasa ba ruwan sama yake tsoro ba, ruwan da ya kwana a gindinsa yake tsoro.

Ta yi aure ba ta bar gidan ba, mijin ne, Toza, ya tare. Ta yi aikin gonar gwamnati har bayanta ya lanƙwashe, ta haifi 'ya ɗaya, Smiljka, ta aurar da ita birni, ta binne Toza. Duk wannan bai sa ta taɓa fashin yashe lambatu ba. Da ƙanƙara ta fara narkewa za ka gan ta da takalmin roba da ɗankwali baƙi, tana kwashe laka, tana leƙa indararonta ko ya toshe, tana leƙa na maƙwabta ma.

Sai motoci suka zo. Kowa yana son wurin ajiye mota a ƙofar gida, lambatu kuma ya tare hanya. Wanda duk ta ga ya kawo tsakuwa, sai ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

“Kai ɗan Stana, uban wa ya ce ka cike?”

“Haba Teta, ɗan wurin mota ne fa.”

“Motar taka ce za ta shanye ruwan? Sa bututu a ƙasa kafin ka rufe, ko kuwa in kwana a nan. Kai da na share wa majina!”

Haka ta tilasta wa layi guda sa bututu. Ana yi mata dariya a bayan ido, amma podrum ɗin kowa a bushe yake.

Gidan da ke bin nata, ta inda ruwa yake gangarawa, na Radivoj ne. Shi ne kum ɗinsu: shi ya tsaya musu a coci ranar aurensu da Toza, shi ya riƙe Smiljka ranar baftisma, shi ya raɗa mata suna. Ita Teta kuma kumarsa ce; in sun haɗu ta ce masa kume, ya ce mata kumo. A wurinmu ka yi faɗa da ɗan'uwanka ciki ɗaya, ka kai shi kotu ma, mutane su ce halin rayuwa. Kum kuwa ba a ɗaga masa murya. Ba a ce masa ya yi kuskure.

To, ɗan Radivoj ya sayi tirela. Wata safiya motar kankare ta zo ta juye a lambatunsu, daga wannan kusurwa zuwa waccan, babu bututu, babu ko ƙofar da ɓera zai bi. Na fito da gudu don in ga yaƙi. Sai na tarar da Teta Draginja a ƙofarta, riƙe da shebur.

Na ce, “Teta, ba ki gani ba ne?”

“Na gani.”

“To yi magana mana! Ke da kika hana limami sakat?”

“Limami ba shi ya ba 'yata suna ba. Da wane baki zan yi?”

Iyakar abin da ta iya shi ne ta toya waina mai cuku ta kai wa Radivoj, ta zauna a bakin kujera tana kewaye-kewaye.

“Kume, aikin nan ya yi kyau. Sai dai ina tunanin ruwa.”

“Kumo, kwantar da hankalinki. Kankare ne na gaske, ko tankar yaƙi ta hau ba zai fashe ba.”

Ya san abin da take nufi. Wallahi ya sani, shi ma a layin nan ya tsufa. Ya dai san ba za ta iya faɗa ba ne, ya jingina da hakan. Ni na je na faɗa masa gatsau, ya ce in je in kula da kajina, tsakaninsa da kumarsa babu mai shiga. Da ta ji, kwana da kwanaki ba ta amsa gaisuwata ba, wai na kunyata ta.

Da ƙanƙara ta narke, aka haɗa da ruwan sama, ruwan layin gaba ɗaya ya gangaro ta bututun da ita ta sa aka saka, ya zo ƙofarta ya tsaya. Ya kwana, ya wuni, ya nutse ƙasa. Da ta buɗe ƙofar podrum, kwalaben tattasai ne suke yawo a saman ruwa, dankali ya fara wari.

Sai ga kum da injin jan ruwa a baro, yana haki. Ya zura tiyo, ya kunna, ruwa yana fita yana zuba a lambatunta. Lambatun da ba shi da mafita! Abin da ya zuƙe da safe, kafin yamma ya koma inda ya fito. Mutane suna wucewa suna cewa, “Kai, Allah ya ba mu kum irin Radivoj.” Ita kuma ta dafa masa kofi, ta kawo a faranti mai zane, tana godiya. Na shige gida na rufe ƙofa don kada in yi abin kunya.

Haka aka riƙa yi duk shekara. Gindin bangon ya yi baƙi, farar ƙasa ta ƙi zama, tsaga ta taso daga tagar podrum ta nufi rufi. Smiljka ta zo ta yi kuka, ta ce ita za ta je ta sami kum. Uwar ta ce idan ta taka ƙofarsa da wannan magana, ba ita ba ita. Ta ci gaba da yashe rabonta, tana kwashe laka daga ramin da ba ya zuwa ko'ina.

Bangon ya zauna ne wata safiya, tana bayan gida tana ba kaji hatsi. Babu wata ƙara mai yawa. Ya sulale cikin podrum, ya ja ɗakin da aka haife ta, da gadon, da hoton Toza.

Ranar da Smiljka ta zo ɗaukarta, kum ya fito da hularsa a hannu, ya sumbace ta sau uku a kumatu kamar yadda aka saba, har da hawaye.

“Tsohon gida ne, kumo. Lokacinsa ne ya yi.”

“Haka ne, kume. Na gode da injin.”

Yanzu tana birni, can saman bene, inda ko tukunyar fure ba ta da wurin ajiyewa. An baje filin, an zuba tsakuwa har kan lambatun, tirelar ɗan Radivoj ta biyu a nan take kwana. Na je duba ta bana, ana ruwa. Ba ta tambaye ni gidan ba, ba ta tambayi kaji ba. Tana kallon taga ta ce:

“Wa yake yashe rabona yanzu? Kada ruwa ya shiga wa kum podrum.”