Hayaƙin Barkono a Ɗakin Iya Tumba

A gidanmu na Argungu, idan an gama yankan shinkafa sanyi ya fara tasowa daga gulbi, mukan taru bayan sallar isha a ƙofar ɗakin kakarmu Iya Tumba, mahaifiyar babana. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, lantarki bai iso unguwarmu ba. Tsohuwa ce siririya mai fama da fuka, ciwon da ke sa ƙirjinta ya riƙa kuka kamar ƙaramar sarewa. Saboda haka ba ta yarda a sa ɗanyen itace a wutarta, kuma takan zauna ta inda iska ke bugowa. Ranar da ake dakan barkono a gida, wanda mu can muke ce wa tonka, maƙwabta take tafiya ta yini.

Duk da haka ba ta raina shi ba. Ita ce ke sa a gauraya garinsa da toka a zuba cikin wake don ƙwari, ita ce kuma ke aiko da nono ga duk wadda hannunta ya ɗauki raɗaɗi bayan daka.

Idan mun natsu sai ta ce ga tatsuniya nan tafe, wa zai tare ta? Mu ce mu ne. Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta manomi da dorina.

Wai an yi wani manomi mai gonar shinkafa a bakin gulbi, dorina ta sa shi gaba, kullum sai ta fito ta yi masa ɓarna. Ya ɗauki kare gadi, kare ya yi barci. Ya ɗauki makaɗi, makaɗi ya gaji. Yana zaune yana kuka sai Tonka ya leƙo daga gefen gona ya ce shi zai iya. A nan Iya kan ƙanƙance murya ta kwaikwayi Tonka ta ce, "Amma ka sani, ni ba ni da ido. Ban san ɓarawo ba, ban san mai gona ba. Wanda duk na iske, shi nika kamawa."

Manomi ya ce ya ji. Ya tara Tonka ya cinna masa wuta. Dorina ta fito, ta shaƙa, ta koma ruwa tana atishawa. Iya takan kwaikwayi atishawar, mu yi ta dariya har a tsawata mana daga cikin gida. Sai kuma iska ta juya. Matar manomi ce tafe da tuwo a ka, da goyo a baya. Hayaƙi ya rufe su, ta yar da akushi ta ruga tana laluben hanya, ba a sake ganinta ba. Shekarar manomi ya cika rumbu, amma babu mai ci tare da shi. Da ya je wa Tonka da ƙorafi, Tonka ya ce ai ya gaya masa tun farko.

Na taɓa tambayarta ina jaririn ya shiga. Ta ce tatsuniyar ba ta faɗa ba, in je in kwanta.

Autanta shi ne Baffa Shehu, ƙanen babana, masunci. Duk cikin 'ya'yanta babu mai tattalinta kamarsa. Kifin da ya fi kyau a komarsa nata ne, shi ke gyara mata jinka kafin ruwa ya sauka, kuma shi kaɗai ne babba da ba ya jin kunyar zama cikinmu ya saurari tatsuniya yana ɗinkin koma.

Wata rana da damina aka yi suna a bayan gidanmu, mata duka suka tafi, har da Iya. Baffa ya shigo ajiye mata kifi sai ya ga wutsiyar maciji ta shige bayan tukwanenta. Ya zazzage kayan bai gan shi ba, hankalinsa ya tashi. Wani abokinsa ya ce ya turara barkono, ko wane irin maciji ne zai fito. Baffa ya san halin ƙirjinta sarai. Ya lissafa cewa ba za ta dawo ba sai magariba, kafin nan ya buɗe ɗakin ya sha iska. Ya zuba garwashi a kasko, ya watsa busasshen barkono, ya ja ƙofa, ya tafi sallar la'asar.

Iya kuwa hayaniyar suna ta dame ta, ta dawo da wuri ta ƙofar baya, babu wanda ya gan ta. Ni ce na fara jin tarin, ina dawowa daga rijiya. Na same ta durƙushe daga ciki, hannunta ɗaya riƙe da bango, idanunta a rufe suna zubar da ruwa. Ni kaina shaƙa ɗaya na yi maƙogwarona ya kama kamar an zuba mini garwashi. Na yi ihu, maƙwabta suka jawo ta tsakar gida, wannan na fifita, wannan na zuba mata ruwa a fuska. Kukan ƙirjin nan da muka saba ji ya koma wani abu dabam, can kuma ya yi shiru alhali tana ta kokawar jan numfashi.

Aka samo akori-kura za a kai ta asibiti a Birnin Kebbi. Baffa ne ya rungume ta a bayan motar. Mahaifiyata, wadda ta bi su, ta ce maganar da Iya ta iya haɗawa guda ce: kada kowa ya yi wa Shehu faɗa. Daidai Ambursa rai ya yi halinsa, motar ta juyo da su gida. Macijin kuwa ba a taɓa ganinsa ba.

Babu wanda ya yi wa Baffa faɗa. Ina jin da an yi, da ya fi samun sauƙi.

Na girma na yi karatun jinya, na zauna a Birnin Kebbi. A nan na koyi cewa abin da ke cikin barkono mai korar dabba shi ne dai ke ƙona ido da fata, ya kuma matse hanyar numfashi. Mai lafiya zai yi tari da hawaye ya warware idan ya samu iska. Mai fuka, ko jariri, ko tsoho, yana iya kasa warwarewa, musamman a rufaffen ɗaki. Mutane suna ganin tunda abin miya ne ba ya cutarwa. Ina gaya musu su fitar da kowa, su bar mai tsaron ƙofa, kada su turara shi inda ake kwana. Da ina ƙarama na ɗauka tatsuniyar ta wawan manomi ce. Yanzu na san manomin ba wawa ba ne, iyalinsa yake nema wa abinci.

Da Baffa ya tsufa, ya zo wurina a duba masa ido. Muna zaune a tsakar gida da hantsi sai ya ce, "Hajo, ke da kika san aikin asibiti, gaya mini gaskiya. In da ban sa tonkan nan ba, da Inna ta ƙara kwana?"

Na ce, "Baffa, kwananta ne ya ƙare."

Ya gyaɗa kai. "Wannan na sani. Ba shi na tambaye ki ba."

Ya zuba mini ido yana jira. Na san amsar, shi ma ya san na sani. Na tashi na ce bari in kawo masa fura.