Buba, Ɗan Gwandun da Ya Yi Tsere a Kan Dusar Ƙanƙara

Shekara bakwai ke nan da muka binne ƙanena Buba a Gwandu, kuma har yau maganarsa ta ƙi kwanta mini. In na ce na haƙura, sai wani abu ya sake tayar da ita.

Ga wanda bai san shi ba, Buba ɗan tseren zamiya ne a kan dusar ƙanƙara. Mutum zai ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, ya sulalo daga ƙololuwar dutse yana kauce wa sanduna, da gudun da ya fi na mota, agogo kuma ya yanke hukunci. Yana da shekara tara kawunmu, likitan dabbobi da ke zaune a wani ƙauye cikin duwatsun Turai, ya ɗauke shi riƙo. A makaranta ya fara wasan, kafin ya cika ashirin ya zama sana'arsa.

Da ya zo hutu ya nuna wa mahaifinmu bidiyon wani tsere. Baffa, wanda duk rayuwarsa a bayan shanu ya yi ta, ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce, "To, mi kaka kora?"

"Ba komi, Baffa. Da lokaci nika tsere."

"In ka kai ƙasa hwa?"

"Sai in koma sama."

Baffa ya girgiza kai. Amma ranar kasuwar Dodoru ba wanda bai nuna wa hoton ɗansa da hular kwano ba.

Bai samu abin da sauƙi ba. Shekarunsa na farko kullum a cikin na ƙarshe ake sakinsa, bayan manyan gwanaye sun gama farfashe hanya. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne 'yan kallo da ke rububin ɗaukar hoto da shi don baƙar fatarsa, ba don gudunsa ba. A hankali ya matso gaba, har a wata babbar gasa ya zo na huɗu, tsakaninsa da lambar tagulla bai kai ƙiftawar ido ba. Ya kira ni yana haki, ya ce, "Adda, yau ba wanda ya tambaye ni ko akwai ƙanƙara a garinmu."

Sai gwiwa ta ci amanarsa. Jijiya ta tsinke, aka yi tiyata, ya koma, ta sake tsinkewa. Bayan aiki na biyu ya zo jinya wurina a Kalgo, inda nake koyarwa. Kowace safiya yana cikin yashin rafi yana gudu da ɗingishi, maƙwabta na tambayata ko lafiya. Mai horar da shi yana ta kira, wai akwai sauran shekara biyu ko uku a jikinsa.

Ni na hana shi komawa. Na taɓa ganin yadda jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi daga kan dutse, na rantse ba zan sake gani ba. Na haɗa shi da Inna, na yi kuka, na ce masa so yake a aiko mana da labarinsa ta waya. Ya daɗe yana kallon gwiwar, ya ce, "Na bari, Adda."

Ya bari ɗin, ya kama kula da garken Baffa, bai taɓa yi mini gori ba. Sai dai duk lokacin da sanyi ya shigo, ya san an buɗe gasa a can, ba ya iya zama. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya hau babur ya tafi Dalijan ba da wani dalili ba. Shekara biyu bayan haka, da rana tsaka, yana tafiya a hankali a gefen titi, wata mota ta kwashe shi.

Na san kwana ne ya ƙare, ban yi jayayya da wannan ba. Abin da ke cina shi ne shekaru biyun nan. Nasa ne, na karɓe don tsorona, kuma ban tsare shi daga komai ba.

Yau ɗalibai a Kalgo suna kallon irin tseren nan a waya, har akan ga baƙar fata a layin farawa ba wanda ya yi mamaki. Da Buba yana raye, me zai ce? Ina jin zai yi murna, sannan ya ƙwace wayar ya fara gyara wa ɗan tseren kuskurensa a kwana.

Bai bar kofin zinare ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari yana cikin gidana. 'Yata Habi tana gudun dogon zango, an kuma zaɓe ta zuwa sansanin horo a Jos. Sati uku takardar amincewa tana kan teburina, na ɗauka, na ajiye. Shekaranjiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mama, in kin ce in bari, sai in bari."

Na jawo takardar. Na ce ta miƙo mini biro.

Allah Ya jiƙan Buba, Ya ba shi hutun da bai samu a hannuna ba.